Dodon da Surukinka Ya Cire

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya sabon wurin aiki? Mu nan sai godiyar Allah. Jikin Baba da sauƙi, sai dai tun shanyewar ɓarin jikin nan hannun dama bai dawo ba, magana kuma sai da ƙyar.

Ka tambayi wasanmu na teburin falo, wanda mutum ɗaya ke jan labari, kowa ya riƙe jaruminsa a takarda, ɗan ludo kuma ya yanke abin da zai faru. Tun da ka tafi, mijina ne ya karɓi jan labarin, kuma wallahi surukin nan naka ya ba ni mamaki. Littafin da ka bar mana, na kumbon matsafa mai ratsa taurari, ka san duk gudu ne da sara da dogon jawabi. Shi kuwa ya warware shi kamar tsohuwar riga, ya sake ɗinka shi daidai jikin Baba. Faɗan da littafin ya ce a doron ƙasa ake yi ya mayar da shi cikin kumbo, don komai ya koma hannun matuƙi, ka kuma san matuƙin nan shi ne jarumin Baba a wasan, ba ya bar wa kowa shi. Taswirar ya sake zana ta da manyan haruffa, yadda Baba zai nuna hanya da yatsa. Har ƙaramin kofi ya samo masa na kaɗa ɗan ludo da hagu.

Amma Yaya, hankalina a tashe yake. Ran Asabar ana tsakiyar wasa Baba ya ture kofin, ya nuna a tura keken majinyatan da yake kai zuwa ɗaki. Har yau bai sake fitowa ba. Wasan nan kaɗai ke fito da shi cikinmu, ina tsoron in ya bar shi, mun rasa shi a falo ke nan. Ka taya mu addu'a.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonka, Allah ya bar zumunci. Ya jikin Anti da murar?

Mama ce ta warware mana zancen, don ita ko ƙiftawar idon Baba tana karantawa. Ashe kunyar suruki ce ta yi mana aiki. Mutumin naka ya cire dodon nan mai haɗiye taurari daga labarin gaba ɗaya, sannan yana jefa ɗan ludo a bayan kwalin da ke kare takardunsa, duk abin da ya fito sai ya ce harin ya kuskure matuƙi. Ya manta Baba ne ya koya mana wasan, ya san littafin ciki da bai. Mama ta ce abin da ya yi masa ciwo shi ne ko a cikin labari ma an mayar da shi majinyaci.

Abin da ya burge ni, mijina bai kare kansa ba ko kaɗan. Ya shiga ɗakin ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya buɗe shafin dodon ya ajiye a cinyar Baba.

Asabar ɗin nan Baba ya fito. Surukinka ya ɗauke kwalin, ya ce duk jifa a tsakiyar tebur za a yi ta. A cikin labarin dodo ya tare mu, Baba ya sa mu tsere a ƙaramin jirgi, shi kuma ya ja yatsa a kan taswira ya nufi bakin dodon. Aka jefa, ɗaya ta fito, mafi munin jifa. Mijina ya dube ni yana neman ceto, ni kuwa na kama kallon silin. Haka ya daure ya faɗi mutuwar matuƙin nan, ya kuma tsara ta da kyau har Mama ta share ido da bakin mayafi.

Sai Baba ya fashe da dariya, da karkataccen bakin nasa, ya daki tebur ya ce, “Ba ni sabuwar takarda.” Kalma huɗu, Yaya, ras muka ji su. Ni dai kuka na yi, ban ɓoye ba.

Yanzu haka yana falo yana rubuta sabon jaruminsa da hagu a takardar, wanda zai maye gurbin matuƙin. Rubutun kamar tonon kaza, kuma duk wanda ya miƙa hannu zai taimaka sai ya sha harara.

Ka gaida Anti da yara, kowa na gaishe ka.

Taka har kullum,
Auta