Abin Da Na Faɗa A Rediyo Kan Kafaɗar Tavian

Mississippi, 24 ga Agusta

Zuwa ga yayata Odessa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Roosevelt da yara. Ina roƙon Ubangiji Ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, Ya kuma sa sanyin Alaska na bana ya zo muku da rangwame. Na san ku can kun fara zaro manyan riguna daga akwati, mu kuwa zafin Agusta na neman narkar da kwalta. Mu nan lafiya lau muke. Matata Verlene ta koma aikin kicin ɗin makaranta tun makon jiya. Inna Pearlie ta cika tamanin da bakwai, har yanzu ita ke jan waƙa a coci, wanda duk ya ce ta zauna ta huta sai ta nuna shi da sanda. Garejina ma ba laifi, ana ta fama.

Saƙonki ya iso ranar Alhamis. Na ga kin karanta sharhin da jarida ta yi kan 'yan bayan ƙungiyar kwalejin nan kafin a shiga kakar ƙwallon Amurka, irin wadda ake kayar da mutum a ƙasa, kin ga sunan ɗana Marlon cikin sha ɗayan farko, har kina cewa za ki yanki tikitin jirgi ki zo wasan buɗewa. Yaya, ki dakata da tikitin nan sai kin gama karanta takardata. Kwana huɗu ina ɗaukar waya in kira ki ina ajiyewa. Na ga rubutu ya fi mini sauƙi, don ba zan iya jin shirunki a kunnena ba.

Kin san yadda bara ta kasance mana. Duk ƙungiyar da ta zo sai ta ratsa 'yan bayanmu kamar ba kowa a fili, kusan maki arba'in ake ɗura mana kowace Asabar, wasa tara muka sha kashi cikin sha ɗaya. Bana aka kawo sabon kocin 'yan baya, wani mai suna Hollis, ya ce ba wanda ya gaji wuri, kowa sai ya ƙwaci nasa a atisayen Agusta. Wurin da Marlon ke nema shi ne na can ƙarshen baya, mutumin da in an wuce shi sai dai a ƙirga maki. Su biyu ke neman wurin, shi da abokin ɗakinsa Tavian, wani yaro ɗan Louisiana da kakarsa ta raina. Shekara biyu ke nan duk Lahadi a gidanmu yake cin abinci bayan coci. Verlene ta san ba ya son albasa a cikin ganye, tana ware masa nasa. Ni kuwa Baba Cleo yake kirana. In zan faɗa miki gaskiya, ya fi Marlon gudu, ya fi shi gane inda ƙwallo za ta faɗa. Na san haka tun bara, ban dai taɓa furtawa ba.

Lahadin farko ta wannan wata, bayan mun gama da soyayyen kifi da burodin masara, Marlon na taya uwarsa wanke-wanke, sai Tavian ya biyo ni baranda da kofin shayinsa mai ƙanƙara. Ya jima yana juya kofin a hannu, sannan ya ce mini kafaɗarsa ta hagu ba ta koma daidai ba tun wani karo da ya yi a bara. Ya ce duk lokacin da zai kayar da mutum ta wannan gefe sai ya ji kamar an soka masa ƙusa, har ya fara kaucewa yana juyo da ta dama. Bai gaya wa koci ba, bai gaya wa likitan ƙungiya ba, ko Marlon bai sani ba, don yana tsoron a ajiye shi a benci. Ya ce ni kaɗai ya gaya wa saboda ba shi da uban da zai gaya wa. Na dafa shi na ce maganar ta mutu a barandar nan. Ban ce ya je ya ga likita ba. Ki lura da wannan, don shi ya fi komai ci mini rai.

Ranar Talata da safe ina ƙarƙashin wata mota ina sauraron shirin wasanni na gidan rediyon garin nan, wanda Dub ke gabatarwa, mutane na bugo waya. Ranar maganar 'yan baya ake yi, ko bana za su iya tare kowa. Duk wanda ya bugo sai ya yabi Tavian. Can wani ya bugo ya ce shi dai kada a sa masa yaron nan Marlon Tate a baya, wai gudunsa kamar motar kwasar shara ce mai tsayawa ƙofa-ƙofa. Dub ya yi ta dariya har da buga tebur. Yaya, ban san sanda na fito daga ƙarƙashin motar ba. Na goge hannu, na buga lambar, da aka tambayi sunana na yi ƙarya na ce Buck daga garin Yazoo. Na ce duk wannan yabo da ake yi wa ɗan Louisiana na banza ne, yaron nan da kafaɗa ɗaya yake wasa, ta hagun ta mutu, tsoron karo yake yi, duk mai ido ya duba atisaye zai ga yana kaucewa. Na ce ƙungiyar da ta gano haka, ta gefen nan za ta yi ta bi har a tashi. Sannan na rufe da maganar nan ta Baba da kika san ba na rabuwa da ita, na ce, "Ka sa wannan a aljihunka, Dub." Ban kai minti biyu ba. Na ajiye waya ina jin daɗi kamar na yi abin kirki.

Abin da ban sani ba, yaran na kunna shirin nan kowace safiya a ɗakin ɗaga ƙarfe. Daga baya Marlon ya ba uwarsa labari, ita ta ba ni. Wai tun ban gama magana ba wani ƙaton yaro cikin 'yan gaba ya fashe da dariya ya ce, "Kai Marlon, wannan ba tsohonka ba ne? Ga injin iskar garejinku nan ma yana kuka a bayansa!" Wasu suka fara dariya, sai suka ga Marlon bai yi ba, suka daina. Tavian ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa a hankali, ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita. Kafin azahar Koci Hollis ya tura shi wurin likita. Hoto ya nuna jijiyar ta yage, sai an yi aiki, bana gaba ɗaya ba zai taka fili ba. Kwana uku bayan haka aka lika jerin sunaye, Marlon na cikin na farko. Sunan da kika gani a jarida ke nan, kuma ta wannan hanya ya shiga.

Verlene ba ta yi mini faɗa ba, ina ma ta yi. Ta dai tsaya a ƙofar kicin ta dube ni, ta tambaye ni ko a wane kwano na ga yaron nan ya ci abin da ba a ba shi ba. Marlon kuwa ya zo gareji ranar Juma'a, bai zauna ba. Ya ce shekara uku yana tashi da asuba yana gudu don ya ci wurin nan da ƙafarsa, yanzu ko ya tare mutum ɗari, cewa za a yi ubansa ne ya share masa hanya a rediyo. Ya ce ya je ya roƙi koci ya cire sunansa, koci ya ce ƙungiya ba gidan biyan laifin iyaye ba ce, wai ya koma ya sa hular kwanonsa ta wasa. Na buɗe baki zan ce don shi na yi, ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, kada ka sa ni a ciki." Ya shiga motarsa ya tafi.

Sai da na yi mako guda kafin na iya zuwa wurin Tavian. An riga an yi aikin, yana kwance a ɗakinsu, hannu rataye a wuya, kakarsa Madam Eulalie ta taso daga Louisiana tana jinyarsa. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Ta miƙe ta ba ni kujerarta, ta ce ai ta daɗe tana son ganin mutumin da jikanta ke ta ba ta labarinsa a waya. Ban san ko ta san abin da na yi ba, sai da ta ƙara da cewa muryata ta fi daɗi a fili. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na faɗi abin da na zo faɗa, ban yi wani kwana-kwana ba. Tavian bai dube ni ba, bango yake kallo. Ya ce likita ya gaya masa da ya shiga kakar wasa da kafaɗar nan, da wataƙila hannun ba zai sake ɗaguwa sama da kai ba. Zuciyata ta fara neman maƙalewa a wannan magana, sai ya juyo ya ce, "Amma kada ka ɗauka taimako ka yi mini, Baba Cleo. Da a baranda ka ce in je asibiti, da na je. Maganarka kaɗai zan ji." Har yanzu Baba yake ce mini. Wannan ya fi zagi ciwo.

Talatar da ta wuce na sake buga wa Dub waya, na ba da sunana na gaskiya da sunan garejina. Na ce ni ne Buck daga Yazoo, ban taɓa zama a Yazoo ba, amanar yaro na ci don ɗana ya samu wuri, kuma ɗana bai san komai ba. Dub ya ce to jama'a bari a saurari talla. Tun ranar wasu tsofaffin abokan ciniki sun daina kawo mota, wasu kuma na zuwa ba abin da ya lalace musu, kallona kawai suke son yi. A coci fasto ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Marlon ya turo mini saƙo a waya, kalma biyu: "Na ji."

Kowane ɗan wasa ana ba shi tikiti biyu na iyali. Jiya Marlon ya kawo wa uwarsa nasa, ɗaya nata, ɗaya na Madam Eulalie, ya ce Tavian zai tsaya a gefen fili tare da ƙungiya, bai kamata tsohuwar ta zauna ita kaɗai ba. Verlene ta dube ni, na ce daidai ne. Zan iya sayen nawa a bakin ƙofa, amma ba zan je inda bai kira ni ba.

To Yaya, yanzu kin san komai. In har kina son zuwa, ki zo, don yaron na buƙatar wani daga gidanmu da zai ɗaga kai ya gani a cikin jama'a ba tare da ya sunkuyar da nasa ba. Abu ɗaya nake roƙo: in kin kira shi, kada ki roƙa mini. Ki tambaye shi atisaye, ki tambaye shi ko yana cin abinci, ki bar shi da fushinsa har ya gama da shi. Ni kuma ki faɗa mini duk abin da kika ga dama, na san kin iya, kuma wannan karon ba zan katse ki ba.

Ki gaida Roosevelt, da Lenora da mijinta, da autarki Simone. Verlene na gaishe ki, Inna Pearlie ma haka. Ita ba a gaya mata ba tukuna, na ce ni zan gaya mata da bakina ranar Lahadi. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Cleophus