Ku Mayar wa Maigidana Bakinsa

Zuwa ga Mushe Diraktan gidan rediyon nan na Damagaram mai shirin barkwanci ran Laraba da yamma. Ban kira sunan gidan ba, ya san kansa, masu saurare ma sun san shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da gardiyen bakin ƙofa wanda ya fi kowa sanin fuskata a gidan naku. Ina taya ku murna. An ce tunda aka kafa rediyon nan ba ku taɓa yin shirin da ya karɓu kamar wannan ba. Allah ya ƙara ɗaukaka. Mu ma da aka yi ɗaukakar da fatarmu muna da ɗan abin faɗa, in an yarda.

Sunana Mariyama, haifaffiyar Birni, ɗiyar dukawa. Na yi lakwal, makarantar boko, daidai gwargwado, da hannuna nake rubuta wannan. Maigidana Ba'adare ne, daga wajen Tawa ya zo, albasa yake sayarwa a kasuwa. Ya shigo garin nan ko gemu bai tsiro ba, yau ga shi furfura ta gama da shi. Ba zan rubuta sunansa ba, ban taɓa kiransa ba tun ran da aka kai ni ɗakinsa. To amma kun hutar da ni, tunda kun raɗa masa sabo ba tare da rago ba: Malam Biyat. Ga wanda bai san shirin ba, wani tsoho ne a ciki mai sayar da albasa, marowaci, wawa, mai faɗa da masu ciniki, kuma duk abin dariyar a bakinsa yake, don yana magana irin ta Ader.

Na farko. Kun ce Malam Biyat ba kowa ba ne, ƙirƙira ce. Madalla da wannan ƙirƙira! Ƙirƙirar da take gyaran murya kafin ta faɗi kuɗin kaya, take cewa «albasag ga ta hi zuma», take kiran kowane mai ciniki «ɗan baba». Aderawa sun cika kasuwar nan, amma mutum ɗaya ne tak yake yin waɗannan abubuwa, kuma ni nake wanke masa riguna. Wanda yake yin muryar a rediyonku, Laminu, ɗan maƙwabcinmu ne. A tsakar gidana ya yi rarrafe. A rumfar maigidana yake fakewa in an koro su daga lakwal, a saya masa ƙosai, ya hau buhu yana kaɗa ƙafa. Ashe karatu yake ɗauka. Wallahi ya iya, ba zan rage masa ba. Ran da na fara jin shirin ina tankaɗe, sai da na leƙa zaure in ga ko Malam ya dawo da wuri.

Na biyu, ga ribar da muka samu. Mutum zai tsaya a rumfa, ya ɗaga albasa, ya tambayi guda nawa ne a kashi. Ya san amsar sarai, so yake kawai ya ji an ce «biyat» maimakon «biyar». In ya ji, ya aje albasar, ya tafi yana ƙyaƙyata. Wasu har wayar salula suke ɗagawa su ɗauki muryarsa. Ɗan kabu-kabu ba ya tayar da babur sai ya ce wa maigidana, «Zamna, Malam, zamna!» Mai garuwa, wanda muke lallashi kamar sarki saboda halin pamponmu da ka sani, shi ma yanzu da muryar Malam yake sallama a ƙofar gida. Wata mai kitso ta sa muryar a wayarta, in an kira ta sai ka ji mijina yana rantsuwa daga cikin jakarta. Ƙananan abubuwa ne, na sani. Sauro ma ƙarami ne, amma ba na jin ka taɓa barin gidan sauronka a buɗe don haka.

Na uku. Na zo biro ɗinku, wato ofis, ban san iyaka ba. Yau kana taro, gobe ka tafi Yamai, jibi an ɗauke wuta. Daga ƙarshe wani matashi mai tabarau ya saurare ni a tsaye, hannunsa ɗaya a ƙofa. Ya ce, «Bon, Madam, donk, wannan ai wasan taubashi ne, parske al'adarmu ce.» Na tsaya ina kallon ikon Allah. Mutumin da ba ya iya kai magana ƙarshe sai ya ranto rabi daga Faransa, shi ne alƙalin Hausar wani! Laifi tudu ne, Mushe. Kuma wa ya ce bakinmu na Damagaram ne ma'auni? Ka je Maradi ka buɗe baki ka ga yadda za a dube ka. Ka tsallaka Kano, waɗanda muke cewa Hausarmu ɗaya da su, kafin ka gama gaisuwa an ce ga ɗan Nijar. Kasuwar nan tamu kowa da yadda harshensa ya faɗi, Babarbare da Buzu da Bafillace da mutumin Gaffati da ya kawo gero, kuma ban taɓa ganin cinikin da ya lalace don wani ya ce «wanga» wani ya ce «wannan» ba.

Na huɗu. Tunda an kawo zancen taubashi, bari in faɗi yadda na ga ana yinsa, ko da yake na san ku ne masana. Ni dai a iya sanina Kanawa ne abokan wasanmu. Wani Bakano mai atamfa yana sauka a zaurenmu ina yarinya. Da ya yi sallama gwaggona za ta fito ta ce ga bawanmu ya zo gaida iyayen gijinsa. Shi kuma ya ce, ina fa, ya zo ne ya ga mutanen da suke wanka da buta ɗaya su bakwai, sai tutiya kamar su suka haƙa teku. Ta fizge hularsa, ya fanshe ta da goro. Ta kwaikwayi maganarsa, ya kwaikwayi tata har da tafiyarta. Ran da ta rasu, mutumin nan ya taso tun daga Kano, ya zauna a tabarmar gaisuwa yana cewa baiwarsa ta gudu ba ta yi sallama ba, hawaye na bin gemunsa. Haka na ga ana wasa. Ido da ido ake yi, ka faɗa a faɗa maka, kowa ya tashi da nasa a jiki. Ni kaina na sha yi wa Malam dariyar «zamna», shi kuma ya maƙe murya ya yi maganar matan Birni har in riƙe ciki. Naku kuwa, Laminu yana cikin ɗaki mai sanyi an rufe ƙofa, gari duka na saurare, tsohon yana kan buhu. Ta ina zai rama? Akwatin rediyo zai yi wa magana?

Na biyar, ko in ce na biyat, don ku samu abin sakawa ran Laraba. Mijina ya daina magana. Mutumin da in ya fara labari sai tuwo ya huce, yanzu da yatsu yake ciniki kamar kurma. Abokinsa Alhaji Mamman ya roƙe shi ya shige gaba wajen neman auren ɗansa, don kowa ya san bakinsa da iya lallashin iyayen yarinya, amma Malam ya ce a nemi wani, kar a je gidan surukai a ɓuge da dariya. A masallaci ya koma sahun baya, ana sallamewa ya sulale.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Muna da jika, Hadiza, ba ta daɗe da iya magana ba. Amaryarsa ce, ka san wasan kaka da jika. Kullum ya dawo sai ya ce ina amarya, ina abincina, ita kuma ta ce ba ta son tsoho. Ran nan ya shigo, ta rugo ta riƙe masa gwiwa ta ce, «Kaka, ce biyat in ji.» A waje ta koyo, ba ta san komai ba. Yayyenta suka tuntsire. Ya shafa kanta, ya ba ta alewar da ya riƙo mata, ya shige ɗaki. Bai ci abinci ba. Bayan kwana biyu, da la'asar, na zagaya bayan ɗaki ɗebo itace, na tarar da shi tsugune gaban tumaki yana ba su dusa, yana cewa a hankali, «biyar, biyar, zauna, zauna.» Tsoho mai jikoki yana koyon magana a gaban tunkiya. Na koma da baya don kar ya gan ni, na shiga madafa na yi kukana. Ina faɗa maka ne don ka san shirin naku yana ilimantarwa, kamar yadda kuke cewa a talla.

Yanzu ya yanke shawara. Ya ce in buhunan da ke rumfa suka ƙare ba zai sa a ɗoro masa wasu ba, gida zai koma. Wane gida? Iyayensa sun rasu, gonar an raba. In ya je gaisuwa 'ya'yan ƙannensa Badamagare suke ce masa, wai bakinsa ya lalace da zaman gabas. A can ya zama namu, a nan kun ce nasu ne. 'Ya'yansa a nan aka yanke musu cibi, a nan ya binne biyu. Na yi magana, manyan 'ya'yan sun yi, liman ya yi. Ya ce shi ba fushi yake ba, so yake kawai ya zauna inda zai tambayi ruwan sha ba a yi dariya ba. Buhunan kuwa sun kusa ƙarewa, don ma ciniki ya ja baya.

Saboda haka ga roƙona. Ku kashe Malam Biyat, ko ku tura shi Makka ya yi zamansa, ku ne masu ƙirƙira. In shirin ba zai rayu ba sai da bakin wani, ku fara da na cikin biro, akwai abin dariya a nan da zai kai ku shekara. Sannan Laminu ya zo rumfa da rana tsaka, lokacin da kasuwa ta cika. Ba takardar ban haƙuri nake so ba, ba kuma sanarwa a rediyo ba. Ya zo ya gaida Malam, ai ubansa ne, ya yi muryar a gabansa in yana da ƙarfin hali, ya kuma tsaya ya ji amsa. Na san mijina. In aka ba shi fili ya rama sau ɗaya, kasuwa ta yi wa yaron dariya, zai huce. In kuma taubashin ne da gaske, ai ba abin tsoro a ciki.

Idan duk wannan ya yi muku nauyi, ba komai. In ya tafi zan bi shi, ba a wannan shekarun zan bar shi ya dafa wa kansa ba. Ban taɓa kwana wata ɗaya a wajen Damagaram ba, uwata da ubana a nan suke kwance. Zan je in zauna a ƙauyen da ban san kowa ba, in buɗe baki a bakin rijiya mata su haɗa ido. Shi zai samu bakinsa, ni in aje nawa. Sai ka yi wa abokan aikinka na can waya, ka ce ga wata tsohuwa nan tafe mai cewa «biyar», kar su yi asarar ta.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa gidanku masu saurare. Allah ya ba ka tsufa mai kyau a garin da aka san ka, ya sa jikokinka su rugo gare ka don kai, ba don su ji yadda kake magana ba. Shi ma Laminu Allah ya yi masa albarka, ɗana ne, ban iya yi masa baki.

Wassalam.

Mariyama, matar mai albasa,
Birni, Damagaram.