Na tsokani taubashina har ya bar shan maganin cikinsa

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Admin a ɓoye sunana, ko da yake duk Ƙaura an san bakina. Don Allah ku ba ni shawara, amma kar kowa ya wahal da kansa wajen ce mini wawa, na riga ku faɗi.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, direban babbar mota ne, yana ɗaukar hatsi tsakanin Ƙaura da Shinkafi. A da in ya zauna sai ka ce rumbu, suga da hawan jini suka taru masa, har 'ya'yansa suka kai shi Masar aka rage masa tumbi ya koma ɗan mitsitsi. Likita ya ce ya riƙa fara cin ƙwai ko kifi ko wake kafin tuwo, kaɗan-kaɗan, kar ya haɗa ci da shan ruwa, ga ƙwayoyin bitamin har ƙarshen rayuwa. Ni da karatuna ya tsaya a firamare na yanke hukunci, na ce wanga likita bai taɓa jin yunwa ba.

To muna ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa, shi sai ya zo da dafaffen ƙwai a aljihu da ledar ƙwayoyi. Haƙƙin taubasantaka ne, ina zan bari? Na sa masa suna Amarya, na ce rabin namijin yana can Masar, har yaran tasha suka ɗauka. Ran nan ya fusata, ya cusa mini ledar a aljihu gaban kowa, ya ce in shanye, ya sa hannu a tuwon dawa, aka yi ta shewa. Tun damina haka yake, tuwo da koko, loma kaɗan ta cika shi, ya zaga baya ya amayar. Iyalinsa na zaton a tasha yake shan maganin.

Yanzu abin ya daina ba ni dariya. Gemunsa na zuba, yana tafiya kamar mai taka auduga, takalmi ya zame daga ƙafarsa bai sani ba. Shekaranjiya ya tambaye ni lafiyar wani abokinmu da muka yi wa jana'iza tare. Na tambayi mai kemis ban faɗi suna ba, ya ce rashin bitamin na cin jijiya, in aka yi jinkiri ƙafa ba ta dawowa, a kai shi asibiti Gusau da gaggawa. Da na yi wa taubashin nawa maganar, sai ya rantsar da ni kar in faɗa wa kowa, wai 'ya'yansa za su karɓe makullin mota. Ga shi ranar Alhamis zai yi lodi zuwa kasuwar Shinkafi, kun san hanyar, ba wurin tsayawa ba ce, ƙafar ba ta jin birki, kuma akwai mutane saman buhuna.

Jama'a in karya rantsuwar in je wurin babban ɗansa, taubashin ya daina yi mini magana har mu mutu? Ko in mayar masa da ledar a ɓoye in lallaɓa shi, ko da Alhamis za ta riga ni?

Na nemi shawarar tsohuwata kafin in rubuto, ba ta ko ɗaga kai daga tsintar wake ba ta ce, “Lokacin da kake kashe shi da baki da wa ka yi shawara, sai yau da za a cece shi?”