Tusar Jakin da ke Tafin Ƙafata

Talata, 9 ga Safar, bayan sallar Isha'i

Yau ma ban je fadama ba. Wata uku ke nan tusar jakin nan tana tafin ƙafata ta dama, in na taka kamar na taka tsakuwa, ga shinkafa ta kusa isa yanka.

Sau biyu wanzami yana yanke ta tana dawowa. Yanzu maganin kemis nake ɗigawa, bayan na jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi na goge da dutsen kaushi.

Ɗazu na ɗauko gilashin ƙara girma da na koyar da kimiyya da shi shekara talatin, aikin da ba wanda ya gode mini. Na duba tusar jakin, na ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe a cikinta. Saiwa ce, ko jini? Na daɗe ina kallo.

'Yata Hajara ta shigo da shayi ta ce, "Baba, da dutsen nan kake goge ƙafa biyun? Ai tana yaɗuwa!"

Na ce, "Ni za ki koya wa kimiyya?"

Da ta fita na juya ƙafar hagu. Ga wata 'yar ƙarama kusa da diddige, kamar ƙwayar gero.

Gobe zan aike ta kasuwa ta sayo dutse na biyu. Ba zan gaya mata dalili ba.