Jirgin feshi a gonakin Saga

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Tsutsa ta shiga shinkafar Saga. Na goya pompon feshi tun safe, sai shugaban ƙungiya, Sumana, ya ce in dakata, an yi hayar jirgi marar matuƙi. Jirgi! A kan shinkafa? Ni da na tsufa ina yi musu feshi.

Laraba, 9 ga Oktoba
Na gan shi. Bai fi tabarma faɗi ba, ƙara kamar taron zuma. Wata yarinya ke tuƙa shi, Farida, ƴar Damagaram, da wani abu kamar talho a hannu. Gonar da nakan wuni a ciki, kafin shayin Sumana ya nuna, jirgin ya gama. Abin da ya dame ni: ta yaya ya san iyakar gonar Buba da ta maƙwabcinsa?

Alhamis, 10 ga Oktoba
Ba wanda ya kira ni aiki. Matata Zainabu ta ce ko ba komi tarin nan da maganin feshi ke sa ni zai bar ni in huta. Hutu ba ya cika tukunya.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na koma, wai in duba ko tsutsar ta mutu. Ta mutu. Na ɗaga ganye, har ƙarƙashinsa maganin ya kai. Na kasa haƙuri, na tambaya. Farida ta ce iskar fukafukan ce ke kaɗa ganyen. "Iyaka kuwa, Baba Lawali, ni ke zagaya gonar da ƙafa, in nuna masa." Ashe shi ma sai an nuna masa.

Talata, 15 ga Oktoba
Ina canza mata batir, sai ta miƙo mani abin tuƙin. Na ce, "Ƴata, in ya faɗa kogi fa?" Ta yi dariya. Na ɗaga shi, ya tsaya cak a sama yana jirana. Ta ce suna neman mai haɗa magani da zai koyi tuƙi. Rubuce-rubucen allon abin tuƙin ƙanana ne, ban ga komi ba. Na ce mata ni na wuce nan.

Juma'a, 18 ga Oktoba
Bayan masallaci na bi ta unguwar Kalley na sayi tabarau. Na ce wa Zainabu na karatun Alƙur'ani ne. Ta dube ni kawai, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.