Zuciyar Digby a Darasi na Shida

Gonar Kessler, yamma da Quilpie
12 ga Maris, 2019

Zuwa ga Yayata Bridie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya Toowoomba, yaya aikin gidan abincin? Ina fata tarin nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau, sai dai har yau ko ɗigon ruwan sama babu.

Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, don Allah ya tsaya tsakaninmu. Wata biyar ke nan ina satar abincin dawakin Baba ina ba Digby. Kin tuna shi ai, ɗan ragon nan maraya da muka rena da madarar gari a kwalbar lemo kafin ki bar gida. Kullum da safe in na je ciyar da dawaki sai in cika gwangwani ɗaya in zaga bayan tankin ruwa. Da na kaɗa gwangwanin zai taho da gudu. Sauran tumaki ba su da abinci sai ganyen bishiyoyin mulga da Baba ke ture musu da tarakta, duk haƙarƙarinsu a waje. Shi kuwa Digby ya yi ɓul-ɓul. In na gan shi sai in ji daɗi, sai kuma in ji tsoro.

Ga kuma wani labari. Bara da Mama ta aika rahoton karatunmu ofishin ilimi na Brisbane, sun amso cewa kimiyya ta yi kaɗan. Tun lokacin hankalinta bai kwanta ba, tana ganin za a hana ta koyar da mu a gida, a ce sai makarantar kwana. Sai ta aika aka kawo samfurin littattafai uku, ta baza su a teburin kicin har sati uku. Mai shuɗin bango na taurari da duwatsu ne, amma rabinsa bidiyo ne, kin kuwa san intanet ɗinmu. Mai jan bango shi matan coci ke yabo, Mama ta ce babu aikin hannu a ciki, kuma aikin hannu ofishin ke nema. Mai koren bango na tsirrai da jikin dabbobi ne.

Baba ya ce, "Yara biyu, littafi uku. Jami'a za a buɗe min a kicin?"

Jiya Mama ta gaji, ta ce, "Marnie, tunda yayarki ta tafi ke ce babba. Zaɓi." Ba a taɓa ce min in zaɓi wani abu ba. Na ɗora yatsa kan koren. Da Mama ta tambayi dalili, ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce ina son zama likitar dabbobi.

Baba ya yi dariya har shayi ya zube masa a riga. Ya ce, "Likita! Yarinyar da in motar wasiƙu ta iso take ɓuya bayan tanki? Sai dai majinyatanki su kasance ba sa magana." Autarmu Elsie ta kama, yanzu ba ta kirana da wani suna sai Likita. Shekararta tara amma bakinta ya fi nawa kaifi. Ban damu ba. Littafina ne, ni na zaɓa.

Da hannuna zan ba direban wasiƙu wannan, don kar ta bi ta teburin kicin wani ya karanta. Ki gaishe da ƙawarki da kuke ɗaki ɗaya.

Taki ƙanwarki,
Marnie

7 ga Mayu, 2019

Zuwa ga Yayata Bridie,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga wasiƙarki da safar da kika aiko, na gode ƙwarai. Sanyi ya fara, da su nake fita da safe.

Kwalin littafin ya iso tun watan jiya, har da safar hannu ta roba da tire da 'yar wuƙa. Darussa biyar na farko sun yi min daɗi. Mun shuka wake a auduga. A darasi na huɗu mun haɗa abin sauraren ƙirji da mazurari da guntun tiyo. Elsie ta saurari nata sau ɗaya ta jefar. Ni na kai wa Digby, ya tsaya cak yana tauna igiyar rigata, na ƙirga bugu tamanin da biyu a minti ɗaya, na rubuta.

Yaya, ban buɗe darasi na shida ba lokacin da na zaɓa. Samfurin ya tsaya a na uku ne. Darasin ya ce a je wurin mahauci a karɓo zuciyar tunkiya haɗe da huhu da maƙogwaro, sabuwa, wadda ba ta shiga firiza ba. Mama ta karanta shi a tebur, ta ce mahauci mafi kusa tafiyar awa uku ce, ga mota ba taya.

Baba ya ce, "Mahauci kuma? Wanda ya rubuta wannan bai taɓa fita daga birni ba. Ni ne mahaucin gidan nan."

Kin san a da duk sati uku yake yanka mana tunkiya ɗaya. Yanzu wata biyu bai yanka ba, don babu mai nama a jiki, kifin gwangwani muke ta ci. Shekaranjiya ina shanya kaya na hango shi ya tsaya kan Digby. Ya danna babban yatsa a gadon bayansa, ya shafa cinyarsa, ya daɗe. Sai ya juyo ya ce, "Likita, wannan me yake ci da sauran ba sa ci?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "Tun farko na faɗa miki, ba a raɗa wa nama suna."

Na roƙi Mama mu tsallake darasin. Ta ce shi ne aikin hannu mafi girma a littafin, shi za ta sa a rahoto. Na ce to mu koma mai shuɗin bango. Ta ce, "Ke kika zaɓa, Marnie. Ba na sake sati uku a kan teburin nan."

Don Allah, Yaya, ki kira Mama. Tana jin maganarki ko da ba ta nunawa. Ki ce za ki sayo zuciyar ki aiko a cikin ƙanƙara, ko ki ce komai ma. Kar ki nemi Baba. Darasin ranar Juma'a ta sama ne.

Taki mai jiran ki,
Marnie

21 ga Mayu, 2019

Zuwa ga Yaya Bridie,

Ina gaisuwa. Ina fata kina lafiya.

Na san ba ki san abin da ya faru a wannan gefen wayar ba, shi ya sa zan faɗa miki. Da kika kira ranar Laraba da rana, hannun Mama yana cikin ƙullin burodi, sai Elsie ta danna wurin da kowa ke ji. Baba yana zaune yana shan shayi. Ni ina wanke kwanuka. Duk muka ji kin ce, "Mama, yarinyar nan fa son ragon nan take har abincin dawaki take sata tana ba shi, ku ji tausayinta." Mama ta ce za ta kira ki daga baya. Baba ya shanye shayinsa, ya ɗauki hularsa ya fita.

Ban ce laifinki ne ba. Amma na ce ya tsaya tsakaninmu.

Ranar Juma'a da safe Baba ya miƙo min gwangwanina. Ashe ya je bayan tanki ya samo shi, ya ma cika min shi da kansa. Ya ce, "Likita, kira mana majinyacinki. Karnuka ba sa iya kora shi, bai san shi rago ne ba."

Gaskiya ya faɗa. Rainon kwalba ba ya gudun kare, ba ya bin garke, mai shi kaɗai yake bi. Na tsaya ban motsa ba. Baba ya ce in ban kira shi ba zai ɗauko bindiga ya harbe shi daga nesa, kuma idonsa ba kamar da ba, wataƙila sai ya yi harbi biyu ko uku. Sai na kaɗa gwangwanin. Ya taho da gudu, ya bi ni tun daga tanki har rumfar yanka, yana tura hancinsa a tafin hannuna. Baba ya bari ya ci loma biyu.

Ba zan rubuta miki sauran ba. Kin sha gani. Baba ya iya aikinsa, bai daɗe ba.

Ya ciro zuciyar da huhun da maƙogwaron a haɗe kamar yadda littafi ya ce, ya ɗora a tiren, ya kai teburin baranda. Da ɗuminsu. Mama ta buɗe darasi na shida tana karantawa a hankali, wayarta a ɗaya hannun, don rahoton yana buƙatar hotuna. Mataki na farko, a sa tiyo a maƙogwaro a hura. Elsie ta ce ita ba za ta sa baki ba, Likita ta yi. Na hura. Huhun ya kumbura ya yi ja-ja, ya sauka, kamar yana numfashi. Elsie ta yi tsalle tana cewa, "Ya dawo! Digby ya dawo! Sake!" Na sake har sau uku, don hoton farko bai fito ba.

Sannan na tsaga zuciyar da 'yar wuƙar, na sa yatsa a kowane ɗaki cikin huɗun, na zana, na rubuta sunayensu. Mama ta ce, "Ɗago kai, Marnie, ba a ganin fuskarki." Da muka gama sai ta taɓa kafaɗata, ta ce darasi na bakwai mai sauƙi ne, ganye ne kawai. Baba ya ɗauki tiren ya juye wa karnuka.

Ranar Lahadi aka gasa cinya da dankali da kabewa. Baba ya ce shekara biyu bai ci nama mai maiƙo haka ba. Ya ɗaga cokali ya nuna ni, ya ce, "Likita dai ba za ki zama ba, amma kin iya kiwo." Ya ce ba mai tashi daga tebur sai farantinsa ya zama fes. Na ci, Yaya. Wata biyu ban ga nama ba. Abin da ya fi ci min rai shi ne yana da daɗi.

Ki huta lafiya.

Marnie

27 ga Agusta, 2019

Zuwa ga Yayata Bridie,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Wasiƙunki uku duk sun iso. Ki yi haƙuri da shiruna, ba fushi nake ba, ban dai san me zan ce ba.

Amsar ofishin Brisbane ta zo. Sun amince da rahoton, za mu ci gaba da karatu a gida. Matar da ta duba ta ƙara layi biyu da hannunta, ta ce zanen zuciyar ya burge ta, a ƙarfafa wa yarinyar gwiwa. Mama ta yi kuka don murna. Ta manna zanen da wasiƙar a ƙofar firij, duk mai son madara sai ya gan su. Ta kuma aika aka kawo littafi na biyu na masu koren bangon. Wannan karon ba a tambayi kowa ba.

Aikin farko a ciki shi ne a reni dabba tun daga haihuwa, a riƙa auna nauyinta duk sati har sati goma sha biyu, a zana yadda take girma. Mama ta ce abin ya zo daidai, tunda tumaki sun fara haihuwa. Iyayen ba su da nono, wasu suna haihuwa su tashi su bar 'ya'yan, wasu ba sa tashi ma.

Baba ya ce, "Marayu ga su nan kamar ƙasa. Je ki ɗauko ɗaya, Likita. Kin san inda abincin dawaki yake. Kafin Kirsimeti ya yi daidai."

Jiya da safe aka aike ni duba shingen kudu a babur, da buhu a baya don in na samu. Kusa da ƙofa ta biyu na ga wata tunkiya kwance ta mutu, ɗanta na tsaye a gefenta, cibiyarsa ko bushewa ba ta yi ba. Mace ce, da baƙin tabo a kunne ɗaya. Hankaki huɗu suna zaune a kan wayar shinge suna jira. Da na kashe babur ta taho tana tangaɗi, ta kama bakin wandona tana tsotsa. Na tsuguna na ba ta yatsa. Bakinta da ɗumi, tana da ƙarfi, da an rene ta da ta rayu.

Na daɗe a wurin. Sannan na zare yatsana, na tayar da babur. Ta biyo ni kaɗan tana kuka. Ban waiwaya ba, amma na ji fukafukan hankakin lokacin da suka sauka.

A gida Mama ta tambaya, na ce ban ga ko ɗaya ba. Ta ce in sake dubawa gobe. Yau ma na je, na ga biyu a shingen yamma, na dawo da buhuna ba komai.

Kar ki kira. Saura sati uku haihuwar ta ƙare, kuma kullum ni ake aika. Na riga na yanke shawara, ba zan ga ko ɗaya ba.

Taki ƙanwarki,
Marnie