Katin da Ka Rufe Mini

Ya kai hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take. Ya ruwan farkon damina, ya tauraron da na nuna cikin dubu na ce wannan nawa ne. Dogona, mijina, abin tinƙahona! Na jero maka su duka don kada ka ce fushi ya mantar da ni ladabi. Karɓi gaisuwata, sannan ka gyara zama, domin yau ba daɗin baki na zo yi maka ba.

A takarda nake rubuta wannan, zan ɗauki hotonta in turo maka. Da gangan na ƙi kiranka. Na san halina: in na ji muryarka, ko dai in fashe da kuka, ko in furta abin da ba ya ɗebuwa, kuma ban yarda ka samu ko ɗaya daga ciki ba.

Ka tuna safiyar tafiyata? Ina durƙushe a tsakar ɗaki ina kokawa da bakin akwati, kai kana gefen gado kana goge mini takalmi, kana tsokanata wai asibitinmu ya rasa wanda zai tura koyon gwajin ido sai wadda ba ta ganin makullinta ko yana hannunta. Sai ka zaro katin bankinka, ka ɗora a tafin hannuna, ka naɗe yatsuna a kansa. Ka ce birnin da za ni ba su san tsabar kuɗi ba, ko ruwan sha da kati ake saye. Ka ce katina na albashi ba ya aiki a ƙasar waje, naka kuwa yana yi, in kashe abin da nake so ba tare da na waiwaya ba. Wallahi har jirgi ya ɗaga ina shafa aljihun jakata, ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Na ce wace mace ce ta yi dace irin nawa? Ashe igiya ka ɗaura mini a ƙafa, ɗaya bakin yana hannunka!

Bari in ba ka labarin da ba ka ga dama ka tambaya ba. Kullum safe nakan ja akwatin kayan gwaji zuwa makaranta, akwati mai taya, nauyinsa kamar an cika shi da duwatsu. Jirgin ƙasan garin nan ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, ƙofar shiga tashar kuwa 'yar matsattsiya ce. Ka ɗora kati, ta yi ƙara, ta buɗe, kafin ka ƙifta ido ta rufe. Ranar farko na tura akwatin gaba, yana wucewa ƙofa ta datse. Akwati can, ni nan, jama'a a bayana sai tsaki suke ja. Me zan yi? Na sake ɗora katin na wuce. Tun daga ranar haka nake yi safe da yamma, in biya wa akwati, in biya wa kaina. Ƙauyanci ne, na yarda, baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Sai jiya wata mai shara ta ja ni ta hannun riga, ta nuna mini wata faffaɗar ƙofa a can ƙarshe, ta masu kaya, tana dariya har da riƙe ciki.

To, ga kwarton nawa, Dogo. Akwati ne. Taya biyu gare shi, ɗaya ma ƙugi take yi.

Kai kuwa kana can kana ganin saƙon banki yana shigowa wayarka, kuɗin mutum biyu da safe, kuɗin mutum biyu da yamma, kwana takwas cur. Ka haɗiye, ka yi shiru, kana turo mini "ya sanyi?" da "kin ci abinci?" kamar ba kai ba. A rana ta tara ka rufe katin.

Ka san abin da hannunka ya aikata kuwa? An tashi daga aji da la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗora kati a ƙofar tasha, sai jar wuta. Na goge shi da gefen mayafi, na sake, jar wuta. Haka na fito na kama hanya a ƙafa, awa ɗaya da rabi ina jan akwatin nan cikin ruwa, takalmin da ka goge mini yana tsotson ruwa yana tofarwa. Na iso masauki ina rawar ɗari, makullin ɗakina ya ƙi buɗewa, ashe ranar ce suke cirar kuɗin mako, sun nema an hana su. Mai karɓar baƙi ya miƙo mini 'yar na'urarsa ta cirar kuɗi sau uku, sau uku tana ƙi, mutane sun yi layi a bayana suna kallon ruwan da ke ɗiga daga siket ɗina. Na farke rufin jakata, na zaro kuɗin takardar da na ɓoye don ɓacin rana. Bawan Allah ko taɓa su bai yi ba, allo kawai ya nuna mini da yatsa: ba a karɓar tsaba. Kaico! Da kuɗina a hannu na tsaya kamar mai roƙo, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na rubuto maka a gigice, ka amsa wai in yi haƙuri, wataƙila matsalar banki ce. Kwana biyu ina tsine wa bankin da bai ji ba bai gani ba! Kwana biyu ina tausayinka, ina cewa Dogona yana can hankalinsa a tashe! Sai da ƙanwarka Auta ta kasa riƙewa, ta turo mini saƙon murya tana kuka. Ta ce a gabanta abokin nan naka, Sarkin Shawara, wanda ko kaza bai taɓa ajiyewa ba balle mata, ya duba wayarka ya ce biri ya yi kama da mutum, ka rufe katin ka ga wanda zai ciyar da ni.

An gani ai. Wata dattijuwa ce 'yar ajinmu, mai jikoki huɗu, wadda ba ma jin yaren juna sai da hannu. Ita ta same ni zaune a kan akwati a bakin ƙofar ɗakina, ta biya da katinta, ta karɓi tsabar kuɗina, ta ba ni tawul da shayi mai zafi. Ba ta tambaye ni komai ba, amma ta yarda da ni. Kai da muka haɗa matashi shekara uku fa?

Haba Dogo! Haba sanyin idona! Bakinka ciwo yake yi? Tambaya ɗaya ce tal: wa kike biya wa? Da na yi dariya har na faɗo daga gado, da na ɗauko maka hoton kwarton nawa mai taya, da ya zama abin tsokana har tsufanmu. Ka iya nuna wa ƙato wayarka, ka kasa nuna wa matarka zuciyarka. Zargin ya yi mini ciwo, amma ba shi ne ya fi ƙona ni ba. Abin da ya fi ƙona ni, ka gwada ni da yunwa a garin da ban san kowa ba, sannan ka tambaye ni ko na ci abinci.

Abin haushin kuma, har yanzu ina sonka. Tir da wannan zuciya tawa marar zuciya! In na ga dogon mutum daga nesa a tasha sai gabana ya faɗi. In na ga abin dariya sai in juya in gaya maka, in tarar da bango. Ina kewarka kamar yadda busasshiyar ƙasa take kewar ruwa, kuma ina jin da kana kusa da na jefe ka da wannan biron.

Kada ka buɗe katin, ba na bukata, dattijuwar nan tana biya mini da nata ina ba ta tsaba. Saura kwana shida in dawo. In za ka zo tarbata, ka zo kai kaɗai, ka dubi tsabar idona ka ce ka zarge ni, kai ka rufe, banki bai yi komai ba. Ba kyauta nake so ba, ba rantse-rantse ba. In bakinka ba zai iya ɗaukar wannan ba, ka yi zamanka, yayana zai ɗauke ni zuwa gidanmu, sai ka zo can ka yi bayani a gaban manya.

Ban so a kai can ba. Kullum Inna takan kira ni ta tambayi yadda kake kula da ni. Ko a ranar ruwan nan ta kira, ina zaune a jiƙe a bakin ƙofa, na share murya na ce mata ba abin da na nema na rasa, mijina tsaye yake a kaina. Ita ce ƙarya ta farko da na yi tun da aka ɗaura mana aure, kuma don in rufa maka asiri na yi ta, tun ban san kai ne ka jefa ni cikin ruwan ba.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe mini ido, wadda ba ta taɓa cin amanarka ba ko a mafarki,

Matarka.